Sawun Baro a Bakin Kududdufi

Kafin hantsi ya dubi ludayi, rabin unguwa ta hallara a bakin kududdufin da ke bayan gidaje. Tumakin Gwaggo ne kwance a wurin, wasu cikin taɓo, wasu kan tudu, ƙafafu a sandare, kumfa ta bushe a bakunansu. Waɗanda suka rage da rai ma ba su da maraba da matattun. Wani ƙaton rago ya kafa goshinsa a jikin bishiya yana ta cizon haƙora, ko an kaɗa hannu a gaban idonsa ba ya ƙiftawa.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Tana zaune a ƙasa, ta ɗora kan wata tunkiya a cinyarta tana shafawa. Tun rasuwar mijinta da tumakin nan ta riƙe marayunta, ci da sha da makaranta.

"Guba ce wannan," in ji wani daga baya.

"To wa ya ce zai zuba musu magani ranar da suka cinye masa latas? A gaban kowa ya faɗa."

Ba a ambaci suna ba, amma duk idanu suka koma kan shingen mai lambu. Samari har sun fara tsintar duwatsu. Shugaban unguwa ya sha gabansu, ya ce babu mai taɓa kowa sai an kira Mai Sawu.

Mai Sawu tsoho ne dogo, marar yawan magana. A ƙuruciyarsa gadin daji ya yi, daga baya ya koma bin sawun dabbobin da aka sace, har sana'ar ta cinye sunansa. Yanzu ba ya iya ganin rubutun waya sai an karanta masa, amma ƙasa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Da ya iso ya yi wa Gwaggo jaje, ya dubi yadda aka tattake wurin, ya girgiza kai.

"Kun zo jaje ne ko sussuka? Kowa ya ja baya."

Ya bar gawarwakin, ya zaga ta ɗaya gefen, inda wani ɗan kwari ke gangarowa cikin kududdufin. A nan ciyawa ta ƙone ta yi ruwan ɗorawa, a miƙe kamar an ja layi, alhali babu alamar wuta. Ya bi ta har gindin wasu ƙayoyi. Ya tarar da tulin toka mai nauyi, fara-fara, duk an lashe gefenta, ga sawun kofato ya zagaye ta. Ga kuma ɓaraguzan baƙar roba mai kauri. Ya durƙusa a ƙasar da ke da danshi, ya sunkuya ya shinshina. Wani wari mai yaji ya bugi hancinsa har hawaye suka zo.

Baro ne ya kawo kayan, ga sawunsa nan. Tayar tana da faci, duk juyi sai ta bar tabo kamar ɗan yatsa. Da nauyi take zuwa, ta koma sakayau. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne: sabon sawu a kan tsoho, tsoho a kan wanda ya fi shi tsufa. Mai turawar takalmin ruwa yake sawa, irin wanda kowane lebura ke da shi. Ya bi sawun har bakin kwalta, a nan ya ɓace.

"Me ka gani, Baba?" in ji shugaban unguwa.

"Wanda ya zo kashe tumaki sau ɗaya yake zuwa. Wannan ya mayar da wurin nan jujinsa. Ku ba ni zuwa gobe da la'asar. Kafin nan kada dabba ko yaro ya kusanci ruwan nan."

Mai lambu ya kulle kansa a rumfar da yake ajiye kayan aiki, da fartanya a hannu. Sai da ya ji muryar tsohon ya buɗe.

"Na faɗa, Baba, ba zan yi musu ba. Na ce zan zuba musu magani. Baki ne, zuciya ta ɗebe ni. Amma zo ka gani."

Ya ja shi zuwa kunyoyin da ke ƙasa-ƙasa. Wani ƙaramin famfo mai aiki da faifan sola ne ke jawo musu ruwa daga kududdufin. Latas ɗin wurin ya yanƙwane, bakin ganyen ya ƙone.

"Na ɗauka ciwon shuka ne. Da ruwan nan nake ban-ruwa, daga lambun nan 'ya'yana suke ci. Wane mahaukaci ne zai yi kashi a rijiyar da yake sha?"

"Kana da baro?"

"Kwando da keke, tun da nake."

Mai Sawu ya duba ƙofar lambun da kewayenta. Sawun keke ne kawai da na silifa. Ya ce masa ya kashe famfon, kada kuma ya kai ko ganye ɗaya kasuwa. Mai lambu ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar tsohon, ya je ya kashe.

Shagon mai sola yana kan babban layi. 'Yan shekarun baya ba a jin sallama a layin nan saboda rurin janareta, hayaƙi kuwa har a cikin tuwon kunne. Yanzu kowane rufi da faifansa yana ƙyalli. Tela na ɗinki ba tare da sayen mai ba, mai ƙanƙara ta ƙara firji, masu tarin fuka sun samu sauƙi. Ko shi Mai Sawu yana da ɗan faifansa da ke juya masa fanka, kuma bai taɓa cewa komai a kai ba sai alheri.

Ya ajiye ɓarin robar a kan teburin. Mai sola ya juya shi sau ɗaya.

"Bayan batir ne. Irin manyan nan da ke riƙe wutar sola. Fasa shi aka yi da gatari."

"Me ake nema a ciki?"

"Dalma. Tana da tsada. A zubar da ruwan batir ɗin, a kwashe farantan ciki, a narka. Ruwan yana cin fata, tokar kuwa ta fi shi sharri, don ita ba ta da zafi balle a guje ta."

"Waɗanda ka sa wa mutane, in sun mutu ina suke zuwa?"

Mai sola ya sosa ƙeya. "Ka ga, Baba, faifan yana daɗewa, batir ne ba ya rai da yawa. Na farkon da muka sa duk yanzu suke mutuwa, kusan lokaci guda. Masu kawo mana kaya ba sa karɓar matacce. Ni nawa ga su can." Ya buɗe ƙofar baya, ga su jere har rufi, kowanne da murfinsa, ƙura ta rufe su. "Na mutane kuwa, kowa da yadda yake yi da nasa. Ka tambayi mai gwangwan."

Tun daga bakin ƙofar filin mai gwangwan Mai Sawu ya ga baron, an jingine shi da tulin tsofaffin kwanoni. Ya juya tayar da hannu. Ga facin nan. Mutanen da ke biye da shi nesa-nesa suka fara ƙus-ƙus, wani ya juya da sauri don kai labari.

Mai gwangwan, wani kakkauran mutum mai yatsa huɗu a hannun dama, ko a jikinsa.

"Baron nan ya fi ni yawo, Baba. Mai tashin gida ya ara, mai gini ya ara, har gawar kare an kai juji da shi. Ba na tambaya."

"Kana sayen dalma?"

"Ina saye." Ya ɗage wani buhu. Dunƙule-dunƙule ne masu nauyi, kowanne da siffar gindin ƙaramar tukunya. "A narke ake kawo mini. Duba filin nan kaf, in ka ga murhu ko gatari ka ɗaure ni."

Mai Sawu ya duba. Babu toka, babu ƙonanniyar ƙasa, ciyawar gindin katanga kore shar.

"Wa ke kawo maka?"

Mutumin da bai taɓa jin kunyar kowa ba ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana wasa da igiyar sikelinsa.

"Ba na tona asirin mai neman abin da zai kai gida. Baba, kai babba ne. Ka je ka huta. Ba kowane sawu ake bi har ƙarshe ba."

Tsohon ya tafi yana juya maganar. An sha yi masa ƙarya, an sha yi masa barazana, amma bai saba a dube shi da tausayi ba.

Washegari da safe matarsa ta shigo da wandon da ya sa jiya, ta wanke shi ya bushe. Ta ɗaga shi a gaban haske.

"Malam, ɓera ka durƙusa wa ko me? Dubi gwiwar nan."

Ƙananan huji ne birjik a gwiwoyin biyu, kamar an yayyafa garwashi, amma babu baƙin ƙuna. Ya taɓa gefen ɗaya, zaren ya marmashe a yatsarsa. A daidai nan ya durƙusa a kwarin.

"Sabon wando," in ji ta. "To in ka gama kallonsa ka leƙa gidan Auta. Amaryar taka har yanzu amai take, maganin zazzaɓin bai yi komai ba."

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu. Amaryar kuwa jikarsa ce 'yar shekara uku, wadda kullum take cewa ta fasa aurensa saboda ba shi da haƙora. Ya naɗe wandon ya sa a aljihun babbar rigarsa ya fita.

Gidan Auta ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida mai yashi. Mijinta bakanike ne na janareta, a da har layi ake yi a ƙofar shagonsa. Da sola ta shigo aiki ya yi ta janyewa har ya mayar da makullin shago. Tun daga nan in an tambaye shi sai ya ce yana 'yan buge-buge. Mutum ne mai kunya, bai taɓa zuwa roƙon komai gidan surukai ba, Mai Sawu kuma yana ganin girmansa saboda haka.

Auta ta shimfiɗa masa tabarma, ta durƙusa ta gaishe shi. Yana amsawa idonsa na kan ƙasa, don ya riga ya zame masa jiki. Akurkin kaji wayam.

"Ina kajinki?"

"Sun ƙare, Baba. Ɗaya bayan ɗaya. An ce murar kaji ce."

Ya ɗaga kai. A kan igiyar shanya akwai zannuwa, da 'yan rigunan yarinya, da wandunan aiki guda biyu na maigidan. Rana tana ratsa wandunan ta ɗaruruwan ƙananan huji, tun daga cinya har ƙafa.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya fito da nasa ya kara da su. Iri ɗaya ne, ko a gefen zaren.

"Auta, me mijinki yake yi a lungun bayan ɗaki?"

"Gyaran batir, Baba. Mutane ke kawowa. Yana dafa wani abu a 'yar tukunya, in hayaƙin ya yi yawa sai mu shige ɗaki." Ta ga fuskarsa, muryarta ta canza. "Lafiya?"

Ya leƙa lungun. Ga gatari, ga murhun gawayi, ga tukunyar, ga takalmin ruwa. Farar ƙura ta kwanta a kan komai, iska ta ɗebo ta har cikin yashin tsakar gida. A cikin yashin kuwa ga sawun 'yan ƙafafu, ga gwangwanin da ake wasan girki da shi, cike da ƙasa.

Ya shiga ɗaki. Yarinyar tana kwance, ido rabi a buɗe.

"Amarya, ga tsohon mijinki ya zo biko."

Ba ta ce ta fasa ba. Ya ji wani ɗan sauti yana fita daga bakinta, ƙus, ƙus. Haƙoranta take cizawa. Ya kaɗa hannu a gaban idonta, sai da aka jima ta bi shi da kallo.

Ya ɗaga ta ya miƙa wa Auta.

"Goya ta. Yanzu. Ba kantin magani ba, babban asibiti. Ki ce musu dalma ce, ki ce a gidan ake narka ta. Kada ki ɓoye komai don kunya. Ga uwarki can za ta bi ki."

"Baba, shi fa? Ya fita tun asuba neman kaya."

"Shi ki bar ni da shi."

Da la'asar aka taru a ƙofar gidan shugaban unguwa. An zaunar da mai lambu da mai sola da mai gwangwan a benci ɗaya, kowa na kallonsu kamar an riga an yanke hukunci. Gwaggo tana gefe cikin mata. Can baya, jikin katanga, Mai Sawu ya hango surukinsa, da alama daga hanya ya tsaya bai ko isa gida ba.

Tsohon ya miƙe tsaye. Yana iya cewa sawu ya ɓace a kwalta, kuma gaskiya ne. Amma ya ga duwatsun da ke hannun samari, ya ga yaran da ke wasa a ƙasa a bakin taron.

"Mai lambu ya yi mugun furuci," ya fara, "amma shi ma an cuce shi, lambunsa ya tafi. Mai sola mataccen batir ɗinsa na nan a rufe, bai fasa ko ɗaya ba. Mai gwangwan baronsa ne, dalma kuma ta bi ta hannunsa, amma ba shi ya zubar ba. Kuma babu wanda ya yi niyyar kashe tumakin Gwaggo. Tokar batir suka lasa, suka sha ruwan da ta gangara ciki."

"To wane ne?" aka tambaya daga ko'ina.

Ya ɗaga wandonsa, ya nuna gwiwar. "Sau ɗaya na durƙusa inda aka zubar da ruwan batir, ga abin da ya yi mini." Ya ɗaga na biyu, rana ta ratsa shi kamar rariya. "Wannan na mai aikin ne. A igiyar shanya na ciro shi. Ina roƙon mai shi ya fito da ƙafarsa, kada ya sa ni kiran sunansa. Bakina ba zai ji daɗi ba."

Sai aka ga mutane suna darewa ta baya. Bakanike ya tako har tsakiyar fili, ya cire hularsa, ya durƙusa a gaban surukinsa.

"Nawa ne, Baba."

Wata mata ta yi salati. Mai gwangwan ya rufe fuska da hannunsa.

"Ban san tumaki na zuwa wurin ba," in ji bakanike. "Wallahi ban sani ba. Jiya da na ji, na so in yi magana, tsoro ya hana ni. Ni ba na jin haushin sola, ta taimaki kowa, ni kaɗai ta bari a rana. Abin da na iya ya daina ci. Na ga matattun batir a kowane gida ba a san yadda za a yi da su ba, na ce ga abinci. Ku kuka riƙa kira na ina ɗauka, babu wanda ya taɓa tambayata inda nake kai su."

"Ƙarya ka ke, mugu!" Wani saurayi ya yunƙuro da dutse.

"Ajiye," in ji Gwaggo. Karo na farko ke nan da aka ji muryarta tun jiya. Ba ta ɗaga ta ba, amma ya ajiye. "Nawa batir ɗin ma shi ya ɗauka, har na sa masa albarka da ya raba ni da kaya. Ban yafe ba tukuna, kada a ce na yafe. Amma ba za a zubar da jini a kan tumakina ba."

Mai Sawu ya sunkuya ya dafa kafaɗar surukinsa. Abin da ya rage ya fi na farko nauyi.

"Tashi, ɗana. Hukuma za ta jira ka. 'Yarka tana babban asibiti tun safe. Abin da ya kama ragon Gwaggo, shi ya kama ta. A yashin gidanka take wasa."

Bakanike ya dube shi kamar bai ji yaren ba. Sai ya dubi tafin hannunsa, baƙin da ya shige cikin faratansa, hannun da yake ba ta abinci da shi. Ƙarar da ya yi ta sa matan da suka zo tsine masa suka fashe da kuka. Shugaban unguwa da kansa ya ɗauke shi a babur zuwa asibitin.

Yarinyar ta rayu. Ta daɗe a asibiti, likitoci kuma ba su yi wa kowa alkawarin za ta koma yadda take ba. Aka gwada jinin yaran layin, aka samu wasu da abin a jikinsu, ciki har da na mai lambu. Ma'aikatan lafiya suka kankare ƙasar gidan bakanike da ta kwarin, aka kewaye kududdufin da waya. Bakanike ya kai kansa ga hukuma, ya yi zaman da aka yanke masa. Unguwa ta haɗa wa Gwaggo 'yan tumaki, ba su kai na da ba. Aka gina rumfa mai ƙofa inda ake tara matattun batir har motar masana'anta ta zo, wani lokaci ta zo, wani lokaci a yi ta jira. Faifan sola suna nan a kan rufi, babu wanda ya sauke nasa.

Auta ta dawo gidan iyayenta da 'yarta. Tana gaishe da mahaifinta safe da yamma, tana kai masa abinci, amma hira ta mutu a tsakaninsu. Sau ɗaya ta ce masa, "Da ka kira shi gefe, Baba, ba a gaban duniya ba." Bai kare kansa ba, don shi ma ya sha tambayar kansa haka.

Yarinyar ta dawo da 'yan kalmomi kaɗan, tana tafiya tana jan ƙafar hagu. Mai Sawu ya sa aka kawo sabon yashi daga nesa aka zuba a tsakar gidansa. Kowace safiya shi yake share shi da kansa, ya daidaita, sannan ya zauna a kan kujerarsa ya kira ta ta zo ta karɓi abin da ya ɓoye mata a aljihu. In ta wuce sai ya sunkuya ya daɗe yana duban ƙasa. Matarsa ta ɗauka tsufa ne.

Bai gaya wa kowa ba sai da ya tabbata. Ran nan ya kira Auta daga madafa, ya nuna mata yashin.

"Dubi na hagun. Da farko jan ya kai tsawon tafin hannuna. Yanzu bai fi ɗan yatsa ba. Ga nan kuma, ga nan, ta ɗaga ta sarai."

Auta ta durƙusa ta duba. Ita ba ta ga komai ba sai yashi da 'yan ramuka. Ta ɗago ta dubi mahaifinta.

"Ka tabbata, Baba?"

"Na tabbata."

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta rufe fuska da gefen zaninta. Tuwo ya ƙone a madafa, babu wanda ya tashi.